Abin da nake roƙo idan na rufe ƙofa

A taron masu bi mukan ce, "Ya Ubangiji, ka gafarta mana zunubanmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba." Addu'a ce mai kyau, ta kuma dace da taro. Amma idan mutum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, kamar yadda Yesu ya koya a Matiyu 6:6, ina ganin bai kamata ya tsaya a nan ba. Zunubin da ka sani, ka kira shi da sunansa. Hassada ce? Ka ce hassada. Ƙarya ka yi wa wani? Ka faɗi ƙaryar, ka faɗi wanda ka yi wa.

A wurin Dauda na ga haka. Zabura 51 addu'arsa ce bayan annabi Natan ya same shi kan zancen Batsheba, matar aure da ya kwana da ita. Sarki ne, ya riga ya sa an kashe mijinta Uriya a bakin dāga don ya rufe maganar. Amma a aya ta 14 bai yi kewaye-kewaye ba, ya roƙi Allah ya cece shi daga alhakin jini. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bai tsaya kan wankewa kaɗai ba. A aya ta 10 ya nemi zuciya mai tsabta, a ta 12 ya roƙi a riƙe shi da ruhun biyayya. Ya san idan aka yafe masa aka bar shi da halinsa na jiya, zai sake faɗuwa. Shi ya sa ni ma ba na raba roƙon gafara da roƙon ƙarfi.

Na san masu cewa sai sun gyara kansu tukuna za su durƙusa. Ina tausaya musu ƙwarai, don jiran nan ba ya ƙarewa. Mai karɓar haraji a misalin da Yesu ya bayar a Luka 18 daga nesa ya tsaya a Haikali, ya kasa ko ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai, kuma shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a wurin Allah.

Ƙarfin kuwa ba kullum yake zuwa yadda muke so ba. Manzo Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Ubangiji ya ishe shi. Ƙayar ta zauna. A Gatsemani ma, lambun da ya yi addu'a kafin a kama shi, ba a ɗauke wa Yesu ƙoƙon wahala ba, mala'ika ne ya zo ya ƙarfafa shi, ya tashi ya nufi gicciye. Wannan yana da wuyar karɓa ga wanda yake cikin zafi, ban kuma yarda a faɗa wa mai kuka shi da gaggawa ba.

Inda na fi daɗewa a durƙushe shi ne Matiyu 6:12, inda muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi. Da bakina nake sa wa kaina ma'auni. Don haka bayan na ambaci nawa laifin, nakan ambaci sunan wanda ya ɓata mini rai, in roƙa masa alheri. Wata rana bakin yakan yi nauyi. Ranar nan sai in ce, "Uba, ban kai ba tukuna, ka ba ni ƙarfin da zan so masa alheri," gobe kuma in sake kawo sunansa.