Me ya hana garkuwar jiki afka wa antibodin da ita kanta ta ƙera?

Antibodi fa furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya kama ƙwayoyin cuta, kuma aikin garkuwar jiki kenan ta far wa duk baƙon furotin da ta ci karo da shi. To ya aka yi ba ta taɓa antibodin da ke yawo a jininmu dare da rana? Wallahi tambayar nan ta daɗe tana cin raina, kuma amsarta ba guda ɗaya ba ce.

Shi antibodi siffar harafin Y gare shi. Gindin nasa kusan iri ɗaya ne, jiki ya san shi tun a ciki don uwa ma tana tura wa ɗan tayinta nata IgG, wani nau'in antibodi, ta mabiyya. Ƙwayoyin B, wato fararen ƙwayoyin jinin da ke ƙera antibodi, da ke girma a ɓargo, duk wadda ta kama wani abu na jiki da ƙarfi ko ta mutu ko ta sake makamarta, wato antibodin da take kama abu da shi, haka ma ƙwayoyin T, wasu fararen ƙwayoyin jinin na daban, ake tantance su a taimos, wani ɗan sashe da ke cikin ƙirji. Wannan ɓangaren kam ba wuya.

Inda gizo ke saƙar shi ne kawunan nan biyu na sama. Masanin kimiyya Susumu Tonegawa ya nuna cewa kowace ƙwayar B yanka gutsattsarin ƙwayoyin gado take yi ta harhaɗa su yadda ta samu, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1987, ma'ana kan antibodin da jikinka ya ƙera yau mai yiwuwa bai taɓa wanzuwa ba, to ina aka gan shi balle a ce wa sauran ƙwayoyin wannan na gida ne? Wani masanin, Niels Jerne, a 1974 ya ce ai akwai antibodin da ke kama kawunan wasu antibodin, suna riƙe juna suna daidaita juna. Tunani ne mai kyau sosai amma yanzu ba a cika jingina komai a kansa ba. Ni abin da ya fi kwanta min shi ne kowane irin kai ɗan kaɗan ne ake samu a cikin jini, sannan ƙwayar B ba ta yin gaban kanta sai ƙwayar T ta sa mata hannu, ita kuma T ba ta motsi haka kawai ba alamar haɗari, ga kuma ƙwayoyin T masu tsawatarwa da Shimon Sakaguchi ya bayyana a 1995 suna kwantar da duk wadda ta nemi zaƙewa.

Kuma fa ba kullum shingen ke riƙewa ba. Akwai antibodin da ke kama gindin IgG, wanda Erik Waaler na Norway ya ba da rahotonsa a 1940, yakan ɗan taso ko a jikin mai lafiya bayan ya yi fama da wata cuta sai ya lafa, amma a yawancin masu amosanin gaɓɓai na rumatoyid zama yake yi daram.

Magunguna ma sun nuna haka. OKT3, wani antibodi da aka amince da shi a matsayin magani a 1986, daga ɓera aka samo shi, jikin marasa lafiya ya dinga yaƙarsa. Adalimumab na 2002 kuwa, shi ma maganin antibodi ne, gaba ɗayansa irin na ɗan Adam ne, amma duk da haka wasu sai jikinsu ya ƙera antibodi kan waɗancan kawunan, don iri ɗaya tak ake ta zuba musu da yawa, maganin ya zo ya daina aiki ciwo ya dawo. Shi ya sa likitoci kan haɗa shi da methotrexate, maganin da ke rage ƙarfin garkuwar jiki, don a rage hakan.