Ɗaukar hoton biki a kan tsaunin Mambila cikin hunturu

Da ƙawata ta kira ni ta ce za a aurar da ƙanwarta a wani ƙauye kusa da Nguroje, kuma ni suke so na ɗauki hoto, abin da na fara tambaya shi ne mutum nawa za su taru. Ta ce in an yi yawa talatin. Mahaifinsu bai shekara da rasuwa ba, kakarsu kuma ƙafa ta hana ta sauka daga dutse, shi ya sa aka ce a yi abin a gida, iya dangi. Ni kuwa bikin Kaduna na saba da shi, inda ake cika zauren taro maƙil, mai hoto ya yi ta kai-komo babu wanda ya san da zamansa.

Ni da ƙanena muka bar Jalingo da asuba ranar Alhamis, a farkon Janairu. Muka wuce Bali, muka wuce Serti, daga Mayo Selbe kuma mota ta kama hawa, hanya tana naɗewa a jikin dutse har kunnuwana suka toshe. Saman Mambila ya kai wajen mita 1,600 daga teku, kuma can ta wajen iyakar Kamaru ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Hotunan Mambila da na sha gani duk na damina ne, kore shar. Abin da na tarar daban ne: ciyawa ta bushe ta yi ruwan ƙasa, hazo ya haɗiye tsaunukan nesa, sai layukan itatuwan zaiti da shanu a kan tudu. Raina ya ɗan sosu, domin da koren nan na zo a kaina.

Sanyi ya fara koya mini darasi tun daren farko. Na bar batura uku a jaka kusa da taga, dukansu cike. Da asuba na sa ɗaya a kyamara, sai ga shi yana nuna rabi. Ba lalacewa ya yi ba. Sanyi ne ke rage wa batir kuzari, in ya ji ɗumi ƙarfinsa ya dawo. Na zuba su a safa na cusa a aljihun ciki na rigar sanyi, suna manne da jikina har aka watse. Ƙauyen babu wutar lantarki, sai solar wani maƙwabci da kowa ke kai waya, don haka kowane batir yana da daraja.

Wajen ƙarfe 6:30 rana ta fara leƙowa, na fito da amarya bayan gida, inda tudu ya gangara zuwa kwari. Wurin ya yi kyau ƙwarai, hazo ya yi fari fat a bayanta kamar an rataya labule. Amma kyamara idan ta ga fari da yawa sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar mutum ta fito duhu. Sai da na ƙara haske mataki ɗaya da ɗoriya, na koma auna shi daga kumatunta, kafin fatarta ta fito yadda Allah ya yi ta. Duk wannan gwaje-gwajen ina yin su ne tana tsaye cikin leshi marar kauri, raɓa ta jiƙa mata takalmi. Idona yana kan kwarin, ban lura hannayenta da suka sha lalle suna karkarwa ba.

Goggonta ce ta fito da bargo a kafaɗa. Ta ce, "Ke 'yar nan, hoto kika zo yi ko ciwon haƙarƙari kika zo sa mata?" Na ce, "Ki yi haƙuri Goggo, saura ɗaya." Ba ta tanka mini ba. Ta lulluɓe yarinyar tun daga ka, ta kama hannayenta biyu tana murzawa tana hura musu iska, amarya ta kwantar da goshi a kafaɗarta. Na ɗauki wannan, sau biyu kawai, na sauke kyamara. Goggo ta fi ni gaskiya. Kamata ya yi na tsayar da ƙanena a wurin na gama duk saitin a kansa, sannan a fito da amarya minti biyar a mayar da ita. Haka nake yi yanzu ko a ina ne.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne minti kaɗan bayan nan. Muka shiga ɗakin kaka, an rufe ƙofa, ga kaskon garwashi a tsakiya, ga butar shayi tana tururi. Tsohuwar ta jawo jikarta ta zaunar a gabanta, ta dafa kanta ta fara addu'a da Fulatanci, tana ambaton sunan ɗanta da ya rasu. Ɗakin ya yi tsit. Na ɗaga kyamara, ban ga komai ba sai fari. Gilashin gaban kyamara da ya kwashi sanyi a waje ya haɗu da ɗumi da tururi, ya yi gumi kamar kofin ruwan sanyi a watan Afrilu. Na goge, ya dawo. Na sake gogewa, ya sake dawowa. Kafin ya washe an shafa, kaka tana share ido da bakin zane. Wannan hoton babu shi, kuma ba abu ne da za a ce wa tsohuwa ta maimaita ba.

Maganin ba wuya gare shi ba, rashin sani ne. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi a sa kyamara a leda a ɗaure, a bar ta kamar minti ashirin, gumin sai ya tsaya a jikin ledar. Ni da nake da kyamara biyu, daga lokacin na bar mai gilashin milimita 35 da ke ɗaukar fili da faɗi a ɗaki, mai 85 da ke jawo abu kusa kuma a waje. Hakan ya kuma hutar da ni canza gilashi a cikin ƙurar hunturu.

Ɗaurin aure bayan Juma'a aka yi, a kan tabarmi a ƙofar gida, ƙanena ya ɗauka tunda wurin maza ne. Na ja masa kunne kada ya gitta gaban liman, kada ya kunna filas, ya jira lokacin da waliyyi zai karɓi sadaki da lokacin da za a ɗaga hannu. Ranar tsaka a kan dutse tana da kaifi duk da sanyin, ga fararen shaddodi, ga inuwar hula a ido. Sa'armu ɗaya an shimfiɗa tabarmin a inuwar zaiti.

A cikin gida kuwa na gane cewa a taron mutum talatin mai hoto ba ta da maɓoya. Ko ƙarar kyamara ana ji. Da na ɗaga sai hira ta tsaya, kowa ya gyara mayafi. Na kashe ƙarar, na ajiye kyamarar a cinya, na zauna ina taya su yankan albasa. Bayan kamar awa guda suka manta da ni, daga nan hotunan kirki suka fara zuwa. Na kuma rubuta sunan kowa a takarda ina sokewa, domin a irin wannan biki idan mutum ɗaya bai fito ba, za a sani, kuma zai ji a ransa. Mata biyu suka ce ba sa son hotonsu a intanet. Na yi wa gidan alkawarin babu ko ɗaya da zai hau.

Hazon da na raina shi ya taimake ni da yamma. Bayan ƙarfe 5 ya tace rana ta koma ja kamar garwashi, haske ya yi laushi a fuska. Minti goma na ɗauka da ango da amarya, ita da mayafi mai kauri a kan kayanta, shanu suna gangarowa gida a bayansu. Da dare wajen kai amarya, da hasken fitilar caji na yi aiki, na ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 3200, gilashi a buɗe gaba ɗaya don haske ya shiga sosai. Hotunan sun yi ɗan tsakuwa-tsakuwa, na bar su haka, domin filas zai kashe ɗumin ɗakin.

Bayan mako uku na ba wani direba kundin ya kai Nguroje. Goggo ta hau tudun da ake samun sabis ta kira ni. Ta tambayi hoton addu'ar kaka, na faɗa mata abin da ya faru ban rage komai ba. Ta yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ta ce, "To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri. Na bargon nan fa, ki wanko mana guda biyu manya, kaka ta ce a rataye mata ɗaya a saitin gadonta."