Tafasa a Kasuwar Magani ta Bozhou

Daga Guangzhou muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya muka nausa arewa, ni da wani ɗalibi ɗan Katsina da ke yi mini tafinta. Muka ratsa Hefei, babban birnin lardin Anhui, sannan muka sauka Bozhou da dare, sanyi na ratsa ƙashi. Garin nan ne mahaifar Hua Tuo, shahararren likitan Sin na ƙarni na 2, kuma a nan babbar kasuwar magungunan gargajiya ta ƙasar take. Muka samu shagon wasu Musulmi 'yan ƙabilar Hui, muka ci taliya da naman sa, muka kwanta.

Kasuwar ta safe ce, don haka muka yi sammako. Tun daga ƙofa ƙamshin saiwoyi da ɓawon itatuwa ke tarbar mutum. Katafaren zaure ne, buhuna jere baki buɗe, kowane da takardar suna da garin da aka noma shi. Ga busasshen furen juhua, ga jajayen 'ya'yan goji, ga saiwar da aka yayyanka sirara. Ban daɗe a kansu ba, domin idona ya riga ya faɗa kan wani buhu.

Ƙananan ƙwayoyi ne masu sheƙi, ruwan ƙasa da ɗan kore-kore, kowace an sare bakinta a karkace. Na ɗebo a tafin hannu na murza.

"Alhaji, jue ming zi ke nan, maganin ido," in ji ɗalibin.

Na ce, "Ɗana, wannan ai 'ya'yan tafasa ne."

Tafasar da ke cika bayan gida da bakin hanya da damina, wadda iyayenmu mata ke kwaɗanta ganyenta da ƙuli-ƙuli, ita ce a nan aka kasa mataki-mataki, kowane da farashinsa.

Mai shagon, wata dattijuwa, ta ga mun tsaya, sai ta jawo mana kujeru. Ta nuna mana ɗanye da soyayye. Wanda aka soya ya yi duhu, yana ƙamshi kamar kofi. Ta zuba kaɗan a kofin gilashi, ta jefa furen juhua, ta tsiyaya ruwan zafi, ruwan ya rikiɗe ya koma ruwan zuma. Ta ce suna shan sa idan ido ya yi ja, ko yana zubar da hawaye, ko ya gaji da karatu, haka kuma idan ciki ya ɗaure. Game da fata kuwa, ta ce tsofaffinsu na niƙa shi su kwaɓa su shafa wa makero. Har matashin kai ake cusawa da shi. Sunansa na cikin tsoffin littattafan maganinsu, har da kundin da masanin magunguna Li Shizhen ya kammala a 1578.

Abin da ya ƙara mini ganin girmanta shi ne ba ta yi mana zuƙi-ta-malle ba. Ta gargaɗe mu cewa yana sakin ciki, mai gudawa ya nisance shi, mai juna biyu ta fara tambayar likita. Ni ma ina kan wannan: shayin tafasa ba ya cire yanar ido, ba ya maganin hawan jinin ido, masu waɗannan asibiti ya kamace su tun da wuri.

Na tambaye ta ko duk a Sin ake noma shi. Ta ce a'a, ana shigo da mai yawa daga waje, har daga Afirka. Nan zuciyata ta sosu. Na san matan ƙauye da yara da ke bin jeji da kaka suna tsinko kwanson tafasa, su sussuka su sheƙe, su sayar da mudu a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, dillalai su tara a Dawanau, a loda zuwa tashar jirgin ruwa. Tacewa da suya da zubawa a gwangwani mai kyau duk a nan ake yi, ribar ma nan take zama. Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da ya fi ƙarfin Kano.

Na sayi soyayye da ɗanye, na nemi izini na ɗauki hoton rariyar da suke tacewa da ita. Da la'asar muka kama hanyar tasha, ɗalibin na ta lissafa mini kuɗin injin suya a wayarsa.