Tsakuwa da fentin a-kori-kura: shawara ga ƙannena direbobi

Duk saurayin da a-kori-kura ta fara shiga hannunsa, ko tasa ce ko ta maigidansa, inji da taya ne suke cin hankalinsa, fenti sai daga baya. Amma ranar da za a yi wa mota kuɗi, mai saye jikinta yake fara zagayawa yana shafawa kafin ya ce a ɗaga masa bonet. Na yi asara a wannan fannin, kuma ba na so ku ma ku yi.

Ku fara sanin abin da kuke karewa. Fentin da mota take fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne. Akwai shafen farko da ake tsoma bodin gaba ɗaya a ciki don hana tsatsa, sai firema, wato shafen da ke sa fenti ya kama jiki, sai kala, sannan wani shafe garai-garai a sama wanda shi ke ba da sheƙi. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu kaɗan ya ɗara kashi ɗaya cikin goma na milimita, wato kusan kaurin takardar rubutu. Abin da ya raba ƙarfen motarka da ruwan damina ke nan. A kamfani gasa shi ake yi da zafi mai yawa, shi ya sa fentin gareji, ko a hannun gwani, da wuya ya kamo ƙarfinsa.

Kuskurena na farko bin bayan tifa ne. Lokacin da nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau da wata farar Hilux, sai in manne wa babbar mota ina jiran dama in wuce ta. Ina jin ƙas-ƙas a gaban mota, ban ɗauke shi a bakin komai ba. Tifar da ta ɗauko tsakuwa ba a rufe da tamfol ba tana zubarwa a hanya, kuma ko ba ta ɗauko komai ba, tagwayen tayoyinta na baya suna riƙe dutse su wurgo shi. Ka ja baya har sai ka daina jin ƙarar nan. Idan za ka wuce, ka taho daga nesa ka wuce gaba ɗaya, kada ka tsaya a gindinta kana leƙe.

Gudu kuma ya fi yadda kuke zato illa. Idan ka ninka gudu, ƙarfin bugun dutse sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. Dutsen da zai goge ka ya wuce kana kan kilomita 50 a awa, shi ne zai fasa fenti har ƙarfe kana kan 100. Wurin da ya fi haɗari shi ne inda ake aikin hanya, an zuba kwalta an watsa tsakuwa ba ta gama zama ba, da kuma hanyar burji idan wata mota ta tunkaro ka. Ka sassauta, ka raɓe hannunka, ta wuce. Gilashin gabanka ma zai tsira.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na taya, domin da kuɗina na sayo matsalar. Na sa manyan tayoyi masu faɗi da zurfin zane har suka leƙo waje da bodi, na kuma cire robobin da ke bayan taya don na ga motar ta fi kyau a haka. Kafin damina ta zagayo, ƙasan ƙofofi da gaban kumatun baya, wato bodin da ya kewaye tayoyin baya, sun zama zane-zane, fenti ya ɗashe. Na daɗe ina zargin motocin wasu, sai da wani dattijo mai gyaran bodi ya durƙusa ya nuna mini. Ya ce, "Ɗana, wannan ba aikin kowa ba ne, tayarka ta gaba ce take jifan motarka." Zane mai zurfi yana cafke tsakuwa a kan burji, da ka hau kwalta ka ƙara wuta sai ya sake ta. Robar bayan taya ita ce kariya mafi araha a jikin mota gaba ɗaya. Idan taka ta yage, ka nemi wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka, mai faɗin da ya rufe tayar duka. Ƙasan ƙofofi kuma a fesa musu baƙin shafen nan mai kauri kamar roba da ake yi don tsakuwa.

Yanzu ga wurin da nake so ku tsaya ku karanta da kyau. Komai kiyayewarka, dutse zai same ka. Abin da ka yi a makon da ya same ka shi ne magana. Ni na bar 'yan ƙananan tabo a bakin bonet da saman gilashi, ina cewa sai sun taru in kai a yi gaba ɗaya. Da ruwa ya sauka, kowane tabo ya yi ja. Tsatsa ba ta tsayawa inda ta fara, ƙarƙashin fenti take bi, sai ka ga wurin ya kumbura, ka danna ya ɓare. A ƙarshe sai da aka kankare bonet ɗin duka aka sake fesawa, farin bai zo daidai da na sauran jiki ba, kuma duk wanda ya zo saye sai ya tambaya ko motar ta taɓa yin hatsari. Rantsuwa ba ta gamsar da mai saye.

Gyaran ƙaramin tabo ba ya bukatar gareji. Ka nemo lambar kalar motarka, tana jikin ƙaramin allon da ke bakin ƙofar direba ko cikin gidan inji. A Toyota alama uku ce, misali 040 na farin da aka fi gani. Ka kai wa mai haɗa fenti ya haɗa maka ɗan kaɗan. Ka wanke wurin, ya bushe sarai, ka goge da sifirit. Idan ja ya fara fitowa, ka kankare shi a hankali da 'yar sanfefa mai laushi, iya ramin kawai, sannan ka ɗiga firema. Bayan ta bushe sai ka ɗiga kala da tsinken ashana, kaɗan-kaɗan, kana bari tana bushewa kafin ka ƙara. A inuwa ake yi, ba kan ƙarfen da rana ta gasa ba. Ba zai ɓace wa ido gaba ɗaya ba, amma ruwa ba zai shiga ba.

Na kuma kashe kuɗi wajen shafe-shafen ƙara sheƙi ina zaton kariya ce. Man goge mota da shafen da ake kira siramik suna sa ruwa ya zame, ƙura ta yi saurin fita, amma sun yi siriri ƙwarai, ba sa tare dutse. Abin da yake tarewa shi ne ledar nan mai haske da ake mannawa a kan fenti, wadda kaurinta ya kai kusan kashi biyu cikin goma na milimita, tana kuma da taushin da ke shanye bugu. Tana da tsada, don haka ba sai an rufe mota duka ba: bakin bonet, gaban kumatu, bayan madubai da ƙasan ƙofofi sun isa. Ka guji mai arha, rana irin tamu tana mayar da ita rawaya ta tsattsage, araha ba ta ado. Idan kuma sabon fenti aka yi maka, ka ba shi kamar wata guda ya gama bushewa kafin a manna.

Lokacin hunturu kada ka bari yaron mota ya share ƙura da busasshen tsumma. Ƙurar nan yashi ce, tana cin shafen sama, fenti ya yi rauni tun kafin dutse ya zo. A fara kwara ruwa, sannan a sa soso da sabulun mota, ba omo ba. Da damina kuma a riƙa fesa ruwa cikin kumatun taya, domin laka tana maƙalewa a can ta riƙe danshi. Idan akwatin bayanka yana da shimfiɗar roba, ka riƙa ɗaga ta lokaci-lokaci kana share yashi da ƙwayar hatsin da suka shige, ka bar ƙarfen ya sha iska ya bushe kafin ka mayar.