Rauta Mai Sauƙin Saiti da Aikin da Ta Bar wa Mai Gida

Kamfanonin da ke ƙera rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, sun daɗe suna gasa a kan sauƙaƙa saitinta, har ta kai ga cewa yawancin na'urorin da ake sayarwa yanzu ba sa buƙatar komai illa a jona kebul, a sauke manhaja a waya, a bi umarnin da ke fitowa a kan allo, sai intanet ta zo. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ba na cikin masu raina shi. Sai dai ra'ayina shi ne, daidai wurin da manhajar ta ce an kammala, nan ne aikin mai gida yake farawa, domin an tsara ta ne don ta sada mutum da intanet cikin gaggawa, amma ba ta san fasalin gidansa ba, kuma sau da yawa ba ta matsa masa ya sauya abubuwan da aka bari yadda suka fito daga masana'anta.

Da farko yana da kyau a bambance na'urori biyu da ake yawan haɗa su a baki. Modem ita ce ke karɓar layin kamfanin da ke ba da intanet, ko ta faiba ne, ko ta wayar tarho, ko ta katin sim. Ita kuwa rauta aikinta shi ne ta ɗauki wannan layi guda ta raba shi ga wayoyi da kwamfutoci da talabijin na cikin gida, ta ba kowace na'ura adireshinta na cikin gida, sannan ta riƙa lura da wace ce ta nemi wane shafi don ta mayar mata da amsarta. Akwai akwatunan da suka haɗa aikin biyu a jiki ɗaya, kuma wanda yake da irin wannan ya huta da rabin jone-jonen.

Idan na'urorin biyu a rabe suke, a duba bayan rautar da kyau. Za a ga jerin kafofin kebul masu kama da juna, galibi huɗu a jere da aka rubuta wa LAN, sai kuma guda ɗaya a gefe mai launi dabam, sau da yawa shuɗi ko rawaya, da aka rubuta wa WAN ko Internet. Kebul ɗin da ya fito daga modem wannan kafa ta gefe yake shiga, kuma yawancin ƙorafin cewa sabuwar rauta ta kama wuta amma babu intanet daga nan yake tasowa, wato an soka kebul a ɗaya daga cikin kafofin LAN. Kafin a jona, a cire modem daga wuta na kimanin minti ɗaya, a mayar da ita, a bar fitilunta su daidaita, sannan a kunna rautar. Dalilin haka shi ne wasu modem suna riƙe lambar na'urar da suka saba hulɗa da ita, kuma ba sa amincewa da sabuwa sai an kashe su an sake kunnawa.

A ƙarƙashin rautar akwai takarda a manne wadda ke ɗauke da sunan Wi-Fi na asali da kalmar sirrinsa, da kuma adireshin shiga shafin saiti, wanda galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Ina ba da shawarar a ɗauki hoton wannan takarda tun kafin a ajiye na'urar a mazauninta, domin ranar da za a buƙace ta, rautar tana can saman kabad da kebul a ɗaure a jikinta. Ko da manhajar waya aka yi saitin, yana da amfani a buɗe burauza a rubuta wannan adireshi a ga cikakken shafin, saboda manhajoji da dama suna ɓoye wasu saituna da sunan sauƙaƙawa. Mafi yawan layuka suna haɗuwa da kansu ba tare da an rubuta komai ba, amma idan kamfanin intanet yana amfani da tsarin PPPoE, to dole ne a shigar da suna da kalmar sirrin da kamfanin ya bayar, kuma babu wata dabara da za ta maye gurbinsu. Wanda kuma ya jona sabuwar rauta a bayan akwatin kamfani wanda shi ma rauta ne, gara ya sa ɗaya daga cikinsu ta daina rabon adireshi, ta tsaya ga watsa Wi-Fi kawai, domin rauta biyu a jere suna iya kawo cikas ga wasannin intanet da wasu kyamarori, su kuma hana na'urorin gida ganin juna.

Abin da ya fi muhimmanci a duk saitin shi ne a gane cewa kalmomin sirri biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai ta Wi-Fi, wadda ake bai wa iyali da baƙi, akwai kuma ta shiga shafin saiti, wadda duk wanda ya riƙe ta zai iya sauya komai, har da karkatar da masu amfani da intanet ɗin gidan zuwa shafukan jabu ba tare da sun lura ba. Mutane suna kula da ta farko saboda kullum ana tambayarsu ita, su mance da ta biyu, wadda a na'urori da yawa kalmar admin ce kawai, ita ce sunan shiga, ita ce kuma kalmar sirri. Waɗannan kalmomi na masana'anta a rubuce suke a littattafan na'urorin, kowa yana iya samunsu. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo a intanet tana gwada jerin sunaye da kalmomin sirri na masana'anta kimanin 60 a kan kyamarori da rautoci, ta mamaye dubban ɗaruruwansu, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi amfani da su wajen kai farmaki kan kamfanin Dyn, wanda a lokacin yake sada masu amfani da intanet da adireshin shafuka da yawa, abin da ya hana jama'a da dama isa ga shafuka irin su Twitter da Netflix. Masu na'urorin ba su san ana aiki da kayansu ba. Saboda haka a sauya kalmar shafin saiti a zaman farko, ta kasance dabam da ta Wi-Fi, a kuma kashe zaɓin da ke ba da damar shiga shafin daga wajen gida, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin barinsa.

Ita kalmar Wi-Fi tana iya ɗaukar haruffa daga 8 zuwa 63, kuma tsawonta ya fi yawan alamominta amfani. Kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka da juna sun fi gajeriyar kalma mai cike da alamomi ƙarfi, sun kuma fi sauƙin rubutawa da rimot ɗin talabijin. Lambar waya da ranar haihuwa da sunan yaro duk ba su dace ba, tunda su ne abin da wanda ya san gidan zai fara gwadawa.

Kusa da wurin rubuta kalmar akwai zaɓin tsarin tsaro. WEP, wanda ya zo tare da ƙa'idar Wi-Fi ta farko, 802.11, a 1997, an gano rauninsa tun 2001, kuma fasa shi a yau aikin 'yan mintuna ne. WPA ya biyo baya a 2003 a matsayin gyaran wucin gadi, WPA2 ya zo a 2004, sai WPA3 a 2018. A zaɓi WPA3 idan duk na'urorin gidan suna gane shi, idan kuwa akwai tsohuwar firinta ko tsohuwar waya da ta ƙi haɗuwa, a zaɓi gamin WPA2 da WPA3, ko WPA2 mai tsarin ɓoye bayanai na AES shi kaɗai. Rautar da ba ta da zaɓin da ya wuce WEP ko WPA na farko ta gama aikinta.

Akwai wani abu guda da aka ƙirƙira musamman don sauƙi, wanda kuma ya zama misalin yadda sauƙi ke iya jawo ɓarna, wato WPS. Manufarsa ita ce a haɗa na'ura ba tare da rubuta doguwar kalma ba, ko dai ta danna maɓalli a jikin rautar, ko ta shigar da lamba mai alƙaluma 8. A watan Disamba na 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rautar tana tantance lambar ne gida biyu, tana sanar da mai gwadawa ko rabin farko daidai ne kafin a je ga na biyu, sannan alƙalamin ƙarshe lissafa shi ake yi daga sauran bakwai. Ke nan maimakon gwaji miliyoyi, abin da ake buƙata bai wuce 10,000 na rabin farko da 1,000 na rabin biyu ba, jimilla 11,000, kuma da zarar an dace, rautar da kanta take miƙa kalmar Wi-Fi, kome tsawonta. Kamfanoni da dama sun ƙara tsarin kulle gwajin bayan an kuskure sau 'yan kaɗan, amma ni dai ban ga dalilin barin WPS a kunne ba, tunda na'ura sau ɗaya ake haɗa ta, daga nan ta riƙe kalmar.

Sai batun mazauni, wanda babu manhajar da za ta yanke wa mutum hukunci a kansa. Galibi ana ajiye rauta ne a inda kebul ya shigo, a wani lungu a ƙasa ko a bayan talabijin, sannan a riƙa zargin kamfani da rashin ƙarfin sabis. Rauta kamar fitila take: idan aka ajiye ta a tsakiyar gida a wuri mai tudu kuma a sarari, haskenta ya kai ko'ina, idan aka tura ta kusurwa rabinsa ya tafi waje. Bangon kankare mai rodi a ciki, ƙofar ƙarfe, firiji, babban madubi da tankin ruwa duk suna cinye sigina, kuma siginar da ta ratsa bango a karkace ta fi wadda ta ratsa shi kai tsaye raunana. Kebul mai ɗan tsawo da zai ba da damar matsar da rautar zuwa tsakiya yakan yi maganin abin da sabuwar na'ura ba za ta yi ba. Eriya kuma ta gefenta take watsa sigina, ba ta tsininta ba, don haka a gida mai hawa ɗaya a bar ta a miƙe tsaye, a gidan bene kuwa a ɗan kwantar da guda don ta kai sama ko ƙasa. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a zagaya ɗakunan da waya a hannu, a rufe ƙofofi yadda aka saba barinsu, a buɗe bidiyo a wurin da aka fi zama.

Yawancin rautoci suna aiki a zango biyu. Zangon gigahaz 2.4 ya fi tafiya nesa da ratsa bango, amma cunkushe yake, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikirowef da rautocin maƙwabta duk a nan suke, kuma tashoshinsa suna hawa kan juna, shi ya sa aka saba zaɓar 1 ko 6 ko 11, waɗanda ba sa shiga hurumin juna. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da yalwar tashoshi, sai dai bango yana saurin kashe shi. Sababbin na'urori masu Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 sun ƙara zangon gigahaz 6. Barin zangunan a ƙarƙashin suna ɗaya, rautar ta riƙa zaɓa wa kowace na'ura, ya wadatar a mafi yawan gidaje. Inda ake samun matsala shi ne ƙananan na'urori irin su kwan fitila da soket masu haɗuwa da Wi-Fi, waɗanda da yawansu 2.4 kawai suka sani, kuma wani lokaci sai an raba sunayen na ɗan lokaci kafin su yarda su haɗu.

Game da manyan lambobin da ake bugawa a jikin kwali, kada su ruɗi kowa. Lamba irin AC1200 jimillar iyakar saurin zangunan biyu ce a lissafi, waya kuwa galibi zango ɗaya take hawa a lokaci guda, kuma ko ta yaya rauta ba za ta ba da abin da ya fi layin da ke shigo mata ba. Abin da ya fi cancantar dubawa shi ne kafofin kebul, domin akwai rautocin da saurin kafofinsu bai wuce megabit 100 a daƙiƙa ba, waɗanda za su shaƙe duk layin da ya fi haka. A kuma tuna cewa bit 8 ne ke yin bait ɗaya, saboda haka layin megabit 40 zai sauke kusan megabait 5 ne a daƙiƙa, kuma wannan ba alamar matsala ba ce.

Zaɓin Wi-Fi na baƙi yana da amfani fiye da yadda sunansa ya nuna. Yana ba baƙo intanet ba tare da ya ga kwamfutoci da firintar gida ba, ana iya sauya kalmarsa ba tare da an tayar da hankalin na'urorin iyali ba, kuma nan ne ya dace a tura kyamarori da sauran ƙananan na'urorin da ba a tabbatar da ingancin tsaronsu ba. Ɓoye sunan Wi-Fi kuwa wahala ce kawai, tunda sunan yana bayyana ga duk mai kayan bincike da zarar wata na'ura ta haɗu.

Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kuma manhajar da ke cikinta tana buƙatar sabuntawa kamar ta waya. A 2017 Mathy Vanhoef ya bayyana wani rauni a cikin WPA2 da aka sa wa suna KRACK, kuma ta hanyar sabunta manhajojin wayoyi da kwamfutoci da rautoci aka toshe shi. Idan akwai zaɓin sabuntawa kai tsaye a kunna shi, idan babu a riƙa leƙa shafin saiti lokaci zuwa lokaci, kuma kada a cire na'urar daga wuta tana tsaka da sabuntawa, domin hakan yana iya lalata ta gaba ɗaya. Rautar da kamfaninta ya daina fitar mata da gyara ta cancanci a maye gurbinta ko da fitilunta suna ci lafiya. Idan kuma aka mance kalmar shafin saiti, akwai ɗan rami a baya da aka rubuta wa Reset, wanda ake dannawa da tsinke na kimanin daƙiƙa 10, amma wannan yana share komai ya mayar da na'urar yadda ta fito daga kwali, har da tsohuwar kalmar masana'anta da bayanan PPPoE, don haka a tabbatar bayanan kamfanin intanet suna hannu kafin a danna.