Zuwa ga mutanen Jos, daga garin da ake kwashe dusar ƙanƙara da tifa

Assalamu alaikum 'yan uwana na Gangare da Rikkos da Unguwar Rogo da Dilimi, har da mutanen Bukur masu cewa sanyinsu ya fi na kowa. Ina gaishe ku daga Montiriyal ta ƙasar Kanada. Ya gida, ya kasuwa, ya ƙarshen hunturu?

Makon jiya na aika wa Yaya hoton layinmu ta WhatsApp, kafin la'asar hoton ya zaga dangi. Yaya ya ce wai na ji daɗina, gari fari fat kamar an baza auduga. Autarmu ta tambaya ko ana ɗiba a jefa a zoɓo. Hajiya ce kaɗai ta dubi hoton da idon manya, ta ce, "To kai, ta ina kuke bi ku fita?" Na fara ba ta amsa a waya, kati ya ƙare mata ban kai ko'ina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don duk mai irin tambayarta ya ji.

Ku fara cire ƙanƙarar Jos daga ranku, wadda ke zuwa da ruwan farko ta yi ta dukan kwano kamar ana jifa, ta kakkarya tumatir a lambu, kafin awa guda ta narke. Wannan ba ta da ƙara ko kaɗan. Sauka take yi shiru kamar ana tankaɗen gari, kuma ba ta tafiya. Wadda ta zuba a Disamba tana nan zaune har Maris, sai fa in wani ya zo ya ɗauke ta. A shekara garin nan yana samun kimanin mita biyu.

Bana kuwa mun ga abin da ya fi ƙarfin shebur. Ranar Alhamis 13 ga Fabrairun 2025 ta zuba, ta ɗan tsagaita, ranar Lahadi 16 ga wata ta dawo da iska a bayanta. Cikin kwana huɗu abin da ya sauka ya haura santimita 70. Da asubahin Litinin na buɗe ƙofa, mu da muke hawa na biyu, matattakalarmu ta ƙarfe ce a waje mai lanƙwasa, irin wadda aka san gidajen garin nan da ita. Ban ga mataki ko ɗaya ba, gangara ce kawai fara sol. Da baya na sauka, ina laluben ƙarfe da ƙafa. Motocin da ke jere a bakin titi duk sun zama tsibi-tsibi kamar kunyar doya, ban gane tawa ba sai da na ƙirga daga jikin fitilar titi. An rufe makarantu, an dakatar da kwasar shara, hukuma ta roƙi duk wanda zai iya aiki daga gida ya yi zamansa.

Aikin hukuma hawa-hawa ne. Da ta fara sauka, motoci ke fita suna watsa gishiri don kada titi ya yi santsi. In sanyi ya kai kamar 15 ƙasa da sifili gishiri ba ya wani tasiri, sai a koma watsa ƙananan tsakuwa. In ta fara taruwa, sai masu turewa su fito, manya a kan titi, wasu 'yan ƙanana masu ƙafar katafila a hanyar masu tafiya a ƙasa. Manyan tituna da hanyoyin bas da ƙofar asibitoci ake fara yi, lungu irin namu sai ya yi haƙuri. Amma turewa ba ta raba ka da ita, gefe kawai aka matsar. Titi mai ɗaukar mota biyu sai ya koma na ɗaya. Shi ya sa ake da mataki na uku, kwashewa, wanda shi ne abin kallon.

Da farko za ka ga an kafa alluna masu ruwan lemo a layinku: kada a ajiye mota a wannan ɓangaren daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 7 na safe, ko daga 7 na safe zuwa 7 na yamma. In lokaci ya yi sai janwe ta shigo tana jiniya, wata irin jiniya mai kuka kamar ta akuyar da aka taka. Nan za ka ga mutane suna fitowa da gudu, wani da rigar barci a ƙarƙashin jibgegiyar rigar sanyi, kowa yana neman inda zai kai motarsa. Daga nan ayari ya iso. Ƙananan injina su turo ta gefen hanya zuwa kan kwalta, gireda ta bi ta tara ta ta ja kunya guda doguwa tun daga farkon layi har ƙarshensa. Sai uban tafiyar ya taho a hankali, inji mai faffaɗan baki da haƙoran ƙarfe masu juyawa, yana haɗiye kunyar yana feso ta ta wani dogon wuya zuwa cikin tifar da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi. Kafin ka sha rabin kofin shayi tifar ta cika ta wuce, ta bayanta ta matso, ga wasu nan sun yi layi har kwana. Ɗana mai shekara biyar ba ya barci daren da ayari zai zo. Goshinsa na jikin gilashin taga har sai fitilar ƙarshe ta ɓace.

Injin nan ɗan gari ne. Wani mutumin nan mai suna Arthur Sicard, wanda ya tashi a gona, shi ya ƙera shi a 1925 bayan ya daɗe yana lura da yadda injin sussuka ke aiki, a 1927 kuma unguwar Outremont ta sayi na farko. Duk sanda na gan shi sai in tuna makeranmu na Dilimi da abin da suke iya fitarwa daga tsohon ƙarfe.

Jiniyar nan ta taɓa koya mini karatu. Hunturuna na farko na dawo daga aikin dare a gajiye, na ga allon ban kula ba, na ji jiniya cikin barci na ƙara jan bargo. Da safe na fito, layi fes, babu dusa babu mota. Na dafe kai ina salati, a raina an sace. Tsohuwar da muke haya a gidanta, wadda muke kira Madam, ta leƙo ta taga tana dariya har da riƙe ciki, ta nuna mini kwana da hannu. Can na same ta layi biyu gaba, an ajiye ta tsaf, takardar tara a maƙale a gilashi. Ban ga laifin kowa ba, wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Autarmu za ta tambaya ina ake kai dusar. Wata ana juye ta ne ta wasu manyan ramuka zuwa magudanar ƙarƙashin ƙasa, ɗumin ruwan da ke fitowa daga gidaje ya narkar da ita, ta bi ta matatar ruwan datti. Wata a kai filayen da aka ware a tara ta kamar dutse. Mafi girma shi ne tsohon ramin fasa dutse na Francon a unguwar Saint-Michel, ba nisa da mu. Tifofi na ja da baya har bakin ramin su juye. Ranar da na fara ganinsa kududdufan kuza na wajen Rayfield da Barikin Ladi suka faɗo mini, sai dai wannan ramin an sama masa aiki. Har tsakiyar bazara akwai sauranta a ciki, ta yi baƙi ƙirin da gishiri da tsakuwa da leda. Don haka, auta, ba a sa ta a zoɓo.

Titunan garin da hanyoyin ƙafa in an haɗa sun kai kimanin kilomita 10,000, kusan ka je Legas daga Jos ka dawo sau biyar. Ma'aikata wajen 3,000 da motoci fiye da 2,000 ke fita dare da rana, kuɗin da ake warewa a shekara kuma ya doshi dalar Kanada miliyan 200, duk daga harajin jama'a. Kada ku ɗauka kowa na yabawa. Bana an haura mako ana kwasa, ƙananan injinan sun kasa ture tudun da ke wasu hanyoyin ƙafa, masu keken guragu da tsofaffi suka yi kwanaki a ɗaki, rediyo kuwa ƙorafi daga safe har dare. Gishirin yana cin ƙarfen mota, yana cin takalmi. In dusa ta narke, ramukan da ke buɗewa a kwalta za su iya gogayya da na gida, Allah kuwa.

Amma amsar tambayar Hajiya ba ta wajen injina. Duk sanda motar turewa ta wuce, tana barin wani tudu a bakin ƙofarka da jikin motarka, dasƙararre mai nauyi kamar jiƙaƙƙen yashi. Wannan ba na hukuma ba ne, naka ne. A yawancin unguwanni ma ba a yarda ka watsa ta kan titi yadda ka ga dama ba. Masu hali tun Oktoba suke biyan ɗan kwangila, ya zo ya kafa sandunansa masu launi a bakin gida don ya gane wurin in komai ya rufe, duk saukar dusa ya zo da tarakta. Wasu su kafa rumfar tamfol a kan wurin ajiye mota. Mu 'yan haya sai shebur.

Litinin ɗin da na faɗa muku, ina cikin haƙa, na ga maƙwabciyarmu 'yar Haiti, ma'aikaciyar jinya ce, tana tsaye da jaka tana duban tudun da motarta ke ciki, ga shi ƙarfe bakwai take karɓar aiki. Ba wanda ya kira kowa. Maƙwabcina ɗan Aljeriya, wanda tun da na tare gaisuwa kawai ke haɗa mu a masallacin titin Jean-Talon, ya tsallako da shebur biyu ya ce, "Ɗan'uwa, mu fara da tata." Wasu ɗalibai biyu suka sauko. Na yi niyyar in ce ta shiga ta tayar da mota ta ji ɗumi, sai ɗan Aljeriyan ya riƙe hannuna, ya zagaya baya ya durƙusa ya tone bakin salansa da hannunsa tukuna. Ya ce in salansa ta toshe hayaƙin ciki yake komawa, ba wari ba launi, mutum ya yi barcin da ba tashi. Jikina ya yi sanyi, don mun san wannan mutuwar a gida: janareta a cikin ɗaki, ko kaskon garwashi a rufe ƙofa lokacin muku-muku. Da muka gama muka tura ta ta hau titi, muka koma kan matattakalar Madam, muka tono famfon 'yan kwana-kwana da ya nutse. Madam ta fito da kofi a fulas tana yi mana faɗa mu riƙa hutawa, wai shebur ya sha tsayar da zuciyar maza. Ta ce mu ba mu ga komai ba, ranar 4 ga Maris 1971 tana budurwa, iska ta tara dusa har ta rufe ƙofofin gidaje, babura masu gudu a kan ƙanƙara ne kaɗai ke yawo a tsakiyar gari. Ni dai a raina na ce wannan ai gayya ce, fura da ganga kawai babu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babu mai yin kamar an yi masa ba-zata. A lardin Kwibek, inda Montiriyal take, doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris sai ka sa tayoyin hunturu. Tun ganye bai gama zuba ba an tara gishiri, an gyara injina, an sa hannu a kwangila. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in Maris ya yi nisa rana ta fara narkar da tudun, za ka ga dattijo ya fito da ƙarfe yana fasa ƙanƙarar da ta toshe bakin magudanar layinsu, don ya san in ruwan bai samu hanya ba ɗakinsa na ƙasa zai shiga.

Duk sanda na ga haka, Yulin 2012 nake tunawa, farkon azumi, daren da ruwa ya ci Rikkos da Gangare ya tafi da mutum fiye da 30, Allah Ya jiƙansu. Ban manta katifun da aka shanya a kan katanga ba. Na san ba mu da dala miliyan 200, kuma na san akwai aikin da ya fi ƙarfin talaka, sai gwamnati. Ba kuma zan zauna a ɗaki mai na'urar ɗumi in koya wa mutanen Jos gayya ba, a wurinku na gan ta. Sai dai damina ma ba ta taɓa saɓa alkawari ba, Afrilu na ƙaratowa. Yaya, lambatun ƙofar gidanmu da na bari cike da leda da yashi, yana nan yadda yake? In samarin layi za su taru wata Asabar kafin ruwan farko, kuɗin shebur biyar da baro da abin karin kumallo na kaina, ka faɗa mini nawa ne.

Ga azumi ya ƙarato, bana da sauƙi a nan, rana gajera ce, ƙishirwa kuma babu. A gaida Hajiya, a ce mata hanyar masallaci ta buɗe tun ranar Juma'a. A gaida mutanen Taminus da masu shayin bakin Babban Masallaci. Zan dakata nan, tun la'asar aka kafa allon lemo a ɓangarenmu, yanzu bakwai saura kwata, kuma ban san inda yaron nan ya jefa makullin mota ba.

Naku,
ɗan Gangare a Montiriyal