Darussan da Na Koya Game da Oben Mai Haɗa Tururi da Iska Mai Zafi

Na fara sanin oben mai haɗa tururi da iska mai zafi ne a kicin ɗin otal, inda yake aiki tun daga asuba har dare, daga baya kuma na koma koyar da matan aure da masu sana'ar abinci a gida waɗanda suka sayi ƙaraminsa amma suka rasa yadda za su ci moriyarsa. Babban abin da na fahimta a wuraren nan biyu shi ne, wannan na'ura tana raba zafi da danshi, ta mayar da su abubuwa biyu da mai girki zai saita kowanne da kansa. Duk wanda bai gane haka ba, zai kashe kuɗi masu yawa ya kuma ci gaba da amfani da ita kamar oben na yau da kullum, tankin ruwan yana zaune a bushe.

Kamfanin Rational na garin Landsberg am Lech a Jamus ne ya fito da irin wannan oben a shekarar 1976 domin manyan wuraren dafa abinci, sai a 1999 kamfanin Gaggenau ya shigar da shi gidajen mutane. A yau Miele da Bosch da Siemens da Neff suna ƙera waɗanda ake kafawa a jikin kabad, yayin da Anova ya fitar da na ɗorawa a kan kanta a 2020. Dukkansu hanyoyi uku suke aiki: tururi zalla wanda galibi ba ya wuce digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, ko busasshiyar iska mai zafi da fanka ke juyawa, ko kuma a haɗa biyun a lokaci guda.

Sai da na fahimci dalilin ƙarfin tururi sannan hannuna ya zauna a kan na'urar. Idan tururi ya taɓa abinci mai sanyi yana komawa ruwa nan take, kuma a wannan komawar yake sakin zafin da ya ɗauko. Kilo ɗaya na tururi yana sakin kusan kilojul 2,260 (ma'aunin yawan zafi), wato fiye da ninki biyar na zafin da ake bukata a kai kilo ɗaya na ruwa mai sanyin ƙanƙara ga tafasa. Shi ya sa mutum zai iya zura hannu na ɗan lokaci cikin busasshen oben mai digiri 200 ya fito lafiya, amma tururi mai digiri 100 kacal ya ƙona shi kafin ya janye. Saboda haka tururi yana gaggauta dahuwa kuma yana hana abinci bushewa. Sai dai abinci ba ya yin ja da ƙamshin gashi sai bayansa ya bushe kuma zafin wurin ya haura kusan digiri 140, kuma nan ne masu koyo suka fi yin tuntuɓe, domin suna barin danshi a sama har ƙarshe, sai kaza ta fito a dafe da fata fara mai laushi. Abin da nake koyarwa shi ne a fara da danshi a ƙare da bushewa: a gasa kazar a digiri 160 zuwa 170 da matsakaicin tururi, idan ta kusa nuna a kashe tururin a ɗaga zafin zuwa 210 ko 220, kuma a dogara da tsinken auna zafi har tsakiyar naman ya kai digiri 74, maimakon a dogara da agogo.

Burodi ma haka yake. Tururin mintuna goma zuwa goma sha biyar na farko yana hana ɓawon ƙandarewa da wuri, sai kwaɓin ya sami damar kumbura iyakar ƙarfinsa, sannan a janye danshin ɓawon ya yi ja. A lokacin hunturu, da iska ke busar da saman kwaɓi tun kafin ya tashi, ina saita oben a digiri 30 zuwa 35 da danshi in bar kwaɓin a ciki, kuma wannan kaɗai ya sauƙaƙa wa masu yin burodi da alkubus na sayarwa aikinsu ƙwarai.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne, turara abinci ba baƙon abu ba ne a girkinmu. Wadda ta saba da madambaci ta riga ta san rabin ilimin wannan na'ura. Alale da alkubus suna fitowa daidai a tururi zalla, gwangwanaye da yawa a lokaci ɗaya, babu fargabar ruwan tukunya ya ƙone ko ya tsallaka cikin gwangwani. Dambu yana bukatar tire mai huji-huji da aka shimfiɗa wa ƙyalle mai tsabta, kuma dole a baza shi kada ya yi tudu, a kuma fito da shi a juya kamar yadda aka saba. Shinkafa kuwa a tire marar huji ake sa ta da ruwanta, domin tururi shi kaɗai ba ya isar ta. Ɗumame ne aikin da a ganina ya fi biyan kuɗin na'urar a gida: shinkafar jiya ko gasasshen nama a digiri 120 da ɗan tururi suna dawowa kusan yadda aka sauke su.

Wajen saye, tambaya ta farko da nake cewa a yi wa mai shago ita ce, shin oben ɗin zai iya dafa abinci da tururi zalla ba tare da busasshen zafi ba? Akwai wasu da ake tallata su da sunan tururi alhali fesa ɗan ruwa kawai suke yi lokacin gashi. Suna da amfani ga burodi, amma ba za su turara alale ba. Yawan shirye-shiryen girki da aka zuba a allon na'urar bai taɓa burge ni ba, domin an tsara su ne a kan abincin Turawa, kuma abin da mai girki yake bukata shi ne ya iya saita zafi da danshi da hannunsa. A kuma duba girma da idon basira, domin yawancin na gida faɗinsu santimita 60 ne tsayinsu 45, kuma cikinsu ya fi na oben ɗin da aka saba ƙanƙanta, abin da gida mai yawan jama'a zai ji a jikinsa ranar biki ko Sallah.

Maganar ruwa ta fi yadda mutane suke ɗauka nauyi. Mai tanki ya fi sauƙin kafawa, amma sai an cika shi an kuma zubar da ragowar bayan kowane girki; mai haɗe da famfo ya fi hutu, sai dai yana bukatar ruwan da ba ya yankewa. Ruwan rijiyar burtsatse a wurare da yawa yana barin farin alli a cikin tukunyar da ke samar da tururin, kuma idan aka yi sakaci da wanke shi a lokacin da na'urar ta nema, tururin zai yi rauni har ta daina aiki. Wasu kamfanoni suna hana amfani da tataccen ruwan da aka cire wa ma'adanai, wasu kuma shi suke so, don haka littafin da ya zo da na'urar ne alƙali. Wanda yake zaune a kan tudu kamar Jos, inda ruwa ke tafasa a wajen digiri 96, ya tabbata ya bar na'urar ta daidaita kanta da wurin a amfanin farko.

Wutar lantarki ita ce ta fi hana ni ba kowa shawarar saye. Na jikin kabad yana jan kusan kilowat 3, wanda ya fi ƙarfin ƙaramin janareta da yawancin inbata na gida, kuma allon kwamfutar da ke cikinsa ba ya jure hawa da saukar wuta, saboda haka yana bukatar layinsa na kansa da kariya mai kyau. Na kan kanta da aka ƙera domin Amurka yana aiki ne da bolt 120, alhali wutar Najeriya 230 ce, kuma na ga wanda aka ƙona tun ranar farko saboda wannan. Kafin a biya kuɗi, a tabbatar akwai mai gyara a kusa da kuma wurin samun robar ƙofa da maganin wanke alli. Gidan da girkinsa ya fi karkata ga tuwo da miya da suya, kuma wutarsa ba ta tsayawa, gas da madambaci za su fi yi masa aiki; wannan na'ura ta wanda yake gashi da turarawa kusan kullum ce, wanda kuma ba zai ji ƙyuyar goge cikinta ya bar ƙofar a ɗan buɗe ta bushe bayan kowane girki ba.